Sankarar Mama da Shekarun Mai Ɗauke da Ita

Gabatarwa

Ɗalibin likitanci da ya sha karatunsa daga littattafan da aka wallafa a Ingila ko Amurka yakan tashi da fahimtar cewa sankarar mama cutar tsofaffi ce. Yana da hujja, domin a Amurka rabin matan da ake samu da wannan cuta sun kai shekara 62 ko sun haura. Amma ran da ya fara zagayen gadaje a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake turo majiyyata daga kudancin Jihar Katsina, wato daga su Yankara da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta hanyar Funtuwa, sai ya tarar da abin da ya saɓa wa littafi. Da yawa daga cikin matan da ke kwance ba su kai shekara 50 ba, wasunsu ma ba su daɗe da yaye ba.

Wannan saɓani ya haifar da tambayoyi biyu. Ta farko, me ya sa ake yawan ganin cutar a jikin masu ƙuruciya a ƙasar nan? Ta biyu, wadda ta fi nauyi, shin abin da ke jikin 'yar shekara 32 shi ne ke jikin 'yar shekara 68, ko kuwa suna ne kawai ya haɗa su? Maganar ba ta aji ba ce kurum. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 an sami sababbin masu sankarar mama fiye da 32,000 a Nijeriya, kuma fiye da 16,000 sun rasu a dalilinta.

Lissafin da ke ruɗar ido

Amsar tambaya ta farko tana wajen masu ƙidayar jama'a kafin ta zo wajen likita. Haɗarin kamuwa da sankarar mama yana ƙaruwa da shekaru a ko'ina cikin duniya. Alƙaluman cibiyar nazarin ciwon daji ta gwamnatin Amurka sun nuna cewa daga cikin mata masu shekara 30, kimanin 1 cikin 204 ce za ta kamu a shekara 10 masu zuwa. Masu shekara 40, 1 cikin 65. Masu 50, 1 cikin 42. Masu 60 kuwa, 1 cikin 28. To amma Nijeriya ƙasar yara ce, rabin jama'arta ba su kai shekara 20 ba, tsofaffi kuma 'yan kaɗan ne.

A ƙaddara wani gari yana da mata 1,000 masu shekara 40 da mata 200 masu shekara 60, a kuma ara masa waɗancan alƙaluma don misali kawai. Cikin shekara 10 za a sami kimanin mutum 15 daga rukunin farko, 7 daga na biyu. Wanda ya tsaya a ƙofar asibiti yana ƙirga masu shigowa zai rantse cewa cutar ta fi son masu ƙuruciya, alhali kowace tsohuwa a garin haɗarinta ya ninka na 'yar shekara 40 fiye da sau biyu. Ga shi kuma tsohuwar ƙauye ita ce ba a cika ɗauka a kai asibitin birni ba, don haka ba ta shiga ƙidayar ma. Wannan lissafi ya warware babban ɓangaren ruɗanin, amma bai rage wa likitan Shika aiki ba: ko mene ne dalili, mata masu haihuwa ne suka cika masa ɗaki, dole ya san halin cutar a jikinsu.

Agogon mama

Mama gaɓa ce da ba ta kammala ginuwa ran haihuwa ba. A cikinsa akwai sassa 15 zuwa 20, kowane da bututun da ke rassa kamar bishiya, a ƙarshen rassan kuma akwai 'yan jakunkunan da ke yin ruwan nono. Kusan duk sankarar mama daga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin waɗannan bututai da jakunkuna take farawa. Abin da ke ba su umarnin girma shi ne wasu sinadarai da jini ke ɗauka, waɗanda ake kira homon, manyansu biyu su ne istirojin da furojestiron, kuma ma'ajiyar ƙwan mace ce ke yin su tun daga balaga har zuwa yankewar haila.

Kowane wata, yayin da waɗannan sinadarai suka hau, ƙwayoyin suna rarrabuwa cikin shirin ɗaukar ciki. In cikin bai samu ba, wasu su mutu. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe littafin gadonta baki ɗaya, wato DNA, kuma kamar kowane mai kwafe littafi da hannu, takan yi kuskure jefi-jefi. Jiki yana da masu gyara, amma wani kuskuren yakan tsere musu. Sankara tana tasowa ne idan kurakurai da dama suka taru a ƙwaya guda har ta daina jin umarnin tsayawa. Tara su kuwa yana cin lokaci, shi ya sa tsufa ya zama babban dalili.

Sai dai hawan ba a miƙe yake ba. A 1948 Johannes Clemmesen, wani likita a Danmak mai kula da rajistar masu ciwon daji, ya lura cewa yawan kamuwa yana hawa da sauri har zuwa wajen shekarun yankewar haila, daga nan sai ya ɗan ja birki, sannan ya ci gaba a hankali. A 1983 Malcolm Pike da abokan aikinsa suka ba da bayanin da har yau ake amfani da shi, cewa mama yana da nasa agogon daban da na mai shi. Agogon yana gudu sosai daga fara haila zuwa haihuwar fari, ya rage gudu bayan haka, ya kusa tsayawa idan haila ta yanke. Ke nan mata biyu sa'o'in juna suna iya kasancewa maman ɗaya ya girmi na ɗayar nesa ba kusa ba.

Daga shanun tatsa zuwa ɗakin awo

Wanda ya fara nuna alaƙar wannan cuta da ma'ajiyar ƙwai wani likitan fiɗa ne a birnin Gilasgo mai suna George Beatson. Ya yi nazarin yadda dabbobi ke kawo nono, ya kuma sami labarin cewa makiyaya a wasu ƙasashe sukan cire wa saniya ma'ajiyar ƙwai bayan ta haihu don ta daɗe ana tatsa. Sai ya yi tunanin cewa wannan gaɓa tana da iko a kan hantsa, duk da nisan da ke tsakaninsu. A 1896 ya wallafa labarin wata mace mai shekara 33 wadda sankara ta dawo mata bayan an yanke maman. Ya cire mata ma'ajiyar ƙwai, ƙarin ya janye, ta yi kusan shekara 4 a raye bayan aikin. Da wasu likitoci suka gwada, sai aka ga dabarar tana aiki ga kimanin mace 1 cikin 3 ne kawai. Babu wanda ya san dalili.

Sai a 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya gano cewa wasu ƙwayoyin halitta suna da makarɓar istirojin, wadda take kamar kwaɗo, homon kuwa mabuɗinta. Sankarar da ke da wannan makarɓa istirojin ne cimarta. A hana ta, ta rame. Wadda ba ta da ita kuwa ko a jikinta. A kan haka aka gina maganin tamoksifen, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1973, aikinsa shi ne ya shiga kwaɗon ya toshe shi. A 1987 Dennis Slamon ya nuna cewa wasu ƙarin suna tara wata makarɓa ta daban mai suna HER2 fiye da kima, kuma irin waɗannan suna da saurin yaɗuwa. A 1998 aka sami maganin tirastuzumab da ke farautar ta. A 2000 Charles Perou da Therese Sørlie da abokan aikinsu suka auna dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda, suka tabbatar da cewa abin da ake kira sankarar mama cututtuka ne daban-daban da suka yi tarayya a mazauni.

A aikace, ɗakin awo yana raba su gida uku. Akwai mai makarɓar homon, wadda ita ce mafi yawa kuma sau da yawa mafi tafiyar hawainiya. Akwai mai HER2. Akwai kuma wadda ba ta da makarɓar istirojin, ba ta da ta furojestiron, ba ta da HER2, wadda za a kira ta a nan mai rashi uku; ita wannan ba ta jin tamoksifen ko tirastuzumab, babban makaminta shi ne kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyi masu saurin rarrabuwa.

Ƙuruciya

A nan shekaru ke shigowa. Idan aka jera ƙarin da aka cire daga mata 'yan ƙasa da shekara 40 kusa da na tsofaffi, za a ga na matasa sun fi girma ran da aka gano su, sun fi kai wa kaluluwar hammata, a ƙarƙashin madubin likita kuma ƙwayoyinsu sun fi fita daga kamannin na lafiya, sun fi saurin rarrabuwa. Kason mai rashi uku da na mai HER2 ya fi yawa a cikinsu. Duk da haka kada a zarce gona da iri: a wani babban bincike da aka yi a Birtaniya kan mata 'yan shekara 40 zuwa ƙasa, kimanin 2 cikin 3 suna da makarɓar istirojin.

Abin mamaki yana cikin wannan rukuni ne. A 2016 Ann Partridge da abokan aikinta suka bi diddigin mata 17,575 a manyan asibitocin Amurka. Da suka ware kowane iri daban, sai suka ga ƙuruciya ba ta ƙara haɗarin mutuwa ga masu HER2 ba. Inda ta ƙara shi a fili shi ne ga masu makarɓar homon, wato irin da ake wa kallon mai sauƙi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ma'ajiyar ƙwan 'yar shekara 30 tana cikin ƙarfinta, ko kemo ya dakatar da hailarta takan dawo, ta ci gaba da zuba wa ƙarin abincinsa. Sannan tamoksifen ƙwaya ce da ake sha kullum shekara 5 zuwa 10, ba a ɗaukar ciki a kanta, kuma mace mai son haihuwa, ko wadda ke tsoron a yi mata kishiya, ita ta fi saurin ajiye ta. Gwaje-gwajen ƙasa da ƙasa da aka fara bayyana sakamakonsu a 2014 sun nuna cewa dakatar da aikin ma'ajiyar ƙwai, da allurar wata-wata ko da fiɗa, yana rage dawowar cutar, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 35. Bayan fiye da shekara 100 an dawo kan dabarar Beatson.

Akwai kuma batun gado. A 1990 Mary-Claire King ta gano mazaunin wata ƙwayar gado da aka sa wa suna BRCA1, a 1995 aka gano 'yar'uwarta BRCA2. Dukansu suna cikin masu gyaran kurakuran DNA. Wadda ta gaji ɗaya a lalace ta fara tseren ne daga tsakiyar fili, shi ya sa takan kamu da wuri, kuma ƙarin masu BRCA1 yawanci mai rashi uku ne. Binciken da aka wallafa a 2018 kan mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan ya sami lalatacciyar BRCA1 a kashi 7 cikin ɗari, BRCA2 a kashi 4, adadin da ya fi abin da aka saba gani a Turai. Abin lura shi ne ana gadon ta wajen uba kamar yadda ake gadon ta wajen uwa. Saboda haka idan ana tambayar tarihin dangi, labarin gwaggo da kakar wajen uba daidai yake da na inna da na yaya. Wancan bincike na Birtaniya, wanda ya ƙunshi mata 2,733, ya kuma nuna cewa mai lalatacciyar BRCA ba ta fi sa'arta marar ita mutuwa ba idan an yi musu magani iri ɗaya.

Ciki da goyo da yaye

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar macen Yankara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Katsina mace takan haifi 'ya'ya 7.3 a tsaka-tsaki, adadi mafi yawa a tarayya a lokacin. Ma'anar haka ita ce mace takan shafe shekara 20 ko fiye tana tsakanin ciki da goyo da yaye, mamanta bai taɓa zama a hali guda ba.

Haihuwa tana kāriya, wannan tabbas ne. Wani nazari na 2002 da ya tattara bincike 47 daga ƙasashe 30 ya nuna cewa kowace haihuwa tana rage haɗarin da kimanin kashi 7 cikin ɗari, kowane wata 12 na shayarwa kuma yana ƙara rage kashi 4.3. Dogon goyon da aka gada a ƙasar Hausa alheri ne ta wannan fuska. Amma kāriyar ba ta zuwa nan take. A 2019 Hazel Nichols da abokan aikinta suka nuna cewa bayan haihuwa haɗarin yakan ɗan hau tukuna, ya kai ƙololuwa wajen shekara 5, kuma sai bayan fiye da shekara 20 yake sauka ƙasa da na wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Kada wannan ya firgita mai karatu, domin haɗarin a waɗannan shekaru ƙarami ne tun asali. Amma ya isa ya rushe zancen da ake yi cewa mai goyo ba ta sankara.

Masana sun mai da hankali kan abin da ke faruwa bayan yaye. Idan yaro ya daina tsotso, mafi yawan ƙwayoyin da ke yin nono suna mutuwa, jiki ya rushe jakunkunan ya sake shimfiɗa wurin, aikin da ya yi kama da warkewar rauni: ƙwayoyin garkuwar jiki suna taruwa, ana buɗe sababbin hanyoyin ruwan kaluluwa. Idan akwai ɗan ƙari da ya riga ya ɓuya, wannan hargitsi yakan buɗe masa ƙofar fita. An lura cewa sankarar da aka gano cikin shekara 5 zuwa 10 bayan haihuwa ta fi saurin kai wa wasu sassan jiki fiye da ta sa'o'insu da ba su haihu ba.

Ga wannan kuma sai a ƙara matsalar ɓuya. Maman mai ciki ko mai shayarwa a cike yake, ƙullutu yakan nutse a ciki. In an ji shi, sai uwar miji ko ungozoma ta ce nono ne ya daskare, kuma sau da yawa gaskiyarta ne, domin toshewar bututu da kumburin maijego sun fi sankara yawa ninkin-ba-ninkin. Bambancin yana ga lokaci. Kumburin da ƙwayoyin cuta suka kawo yakan sauka cikin mako ɗaya zuwa biyu idan an sha maganin da ya dace ana kuma tatsewa. Wanda ya wuce haka, ko fata ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan maman ya shige ciki, ko jini na fita, ko kaluluwar hammata ta yi tauri ba zafi, ba na gashi da ruwan zafi ba ne, ba kuma na tsagar wanzami ba. Sanannen zancen nan cewa daji ba ya son allura ya ci rayuka masu yawa. Allurar da ake ɗebo ɗan nama da ita don awo ba ta yaɗa cutar, watannin da ake ɓatawa ana gudunta su ne ke yaɗa ta.

Ciki ba ya hana magani. Ana yin fiɗa da ciki, ana ba da wasu nau'o'in kemo bayan wata 3 na farko; gashi da na'ura da tamoksifen ne ake jinkirtawa sai an haihu. Sankara ba ta bin ruwan nono ta kama jariri, sai dai ba a shayarwa lokacin da ake karɓar kemo ko tamoksifen. Ga mai son haihuwa bayan magani, wani gwaji da aka wallafa a 2023 kan mata fiye da 500 ya nuna cewa dakatar da maganin homon na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar likita don ɗaukar ciki bai ƙara dawowar cutar ba a shekara 3 na farko.

Tsufa

A ɗaya gefen, ƙarin tsohuwa yawanci mai makarɓar homon ne, mai girma a hankali. Mai karatu zai tambaya, ina yake samun istirojin bayan haila ta yanke? Daga kitse. Akwai wani sinadari mai suna aromatas a cikin kitsen jiki da ke juya wasu homon su koma istirojin, shi ya sa ƙiba bayan yankewar haila take ƙara haɗari. Magungunan da ke toshe aromatas, irin su letirozol, suna aiki sosai ga tsohuwa, amma ba su da amfani su kaɗai ga mai haila, tunda ma'ajiyar ƙwanta ba ta tsaya ba. Wannan misali ne na maganin da shekaru ke yanke hukuncinsa kai tsaye. Kuma da yake matan karkara da yawa ba su da takardar haihuwa, abin da likita ke bukata bai wuce sanin ko haila ta yanke ba, da kuma ƙarfin jikin majiyyaciya. Adadin shekarun yana bayan waɗannan.

Za a zaci tsofaffi sun fi kowa tsira. Ba haka ba ne. A 1986 Hans-Olov Adami ya wallafa nazarin mata 57,068 a Suwidin, ya cire mace-macen da tsufa ke kawowa da kansa, ya ga cewa waɗanda aka gano cutarsu tsakanin shekara 45 da 49 su suka fi tsira, 'yan ƙasa da 30 suna ƙasa da su, waɗanda suka haura 75 kuma su ne na ƙarshe. Laifin ba na ƙarin ba ne kaɗai. Tsohuwa takan zo a makare, kunya ta hana ta buɗe ƙirji ga ɗa ko suruka. Hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya sukan taƙaita maganin da za ta iya ɗauka. Dangi da likita kuma sukan yi saurin cewa a bar ta ta huta. Akwai wurin da sassauci yake da hujja. Gwajin da aka yi a Birtaniya kan mata 'yan shekara 65 zuwa sama masu ƙaramin ƙari mai makarɓar homon ya nuna, a sakamakonsa na 2023, cewa barin gashi bayan fiɗa ya sa cutar ta dawo a maman kashi 9.5 cikin ɗari a shekara 10, maimakon ƙasa da kashi 1, amma yawan waɗanda ke raye bai bambanta ba. Wannan sassauci ne bayan fiɗa da shan magani, ga ƙaramin ƙari. Ba izinin barin tsohuwa mai ƙarfinta da gyambo a ƙirji ba ne.

Gardamar Ibadan da kwalbar fomalin

Saura tambayar ko sankarar matan Afirka ta Yamma ta fi ta wasu zafi tun asali. A 2009 ayarin Farfesa Olufunmilayo Olopade ya auna naman mata 507 daga Nijeriya da Senegal, masu matsakaicin shekaru kusan 45, ya sami fiye da rabi masu rashi uku. Shekara guda kafin haka ayarin Farfesa Clement Adebamowo a Ibadan ya sami makarɓar istirojin a kimanin kashi 65 cikin ɗari, adadin da bai yi nisa da na Turai ba. Wani ɓangare na saɓanin shekarun majiyyatan ne. Wani kuma aikin hannu ne: makarɓar homon tana lalacewa idan naman ya daɗe a waje. Ƙa'ida ita ce a jefa shi cikin ruwan fomalin kafin awa 1 da cirewa, ya zauna awa 6 zuwa 72. Naman da aka cire a ƙaramin asibiti, aka ba ɗan'uwan majiyyaciya a kwalba ya shiga motar haya da shi cikin zafin bazara, ya kwana biyu ko mako kafin ya kai ɗakin awo, yana iya nuna rashi alhali makarɓar tana nan. Sakamakon wannan kuskure shi ne a hana mace tamoksifen, magani mai araha da zai iya ƙara mata shekaru. Mafi rinjayen fahimta a yau ita ce mai rashi uku ta fi yawa a matan wannan yanki, amma ba kamar yadda aka fara zato ba.

Duk waɗannan bambance-bambance ƙanana ne idan aka gwada su da matakin da cutar ta kai ran zuwa asibiti. Nazarin da Elima Jedy-Agba da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya nuna cewa kimanin 3 cikin 4 na baƙaƙen mata a Afirka kudu da Sahara suna zuwa ne a mataki na 3 ko na 4. Wani bincike na 2020 da ya bi mata a ƙasashen Afirka 5 ya tarar cewa bayan shekara 3 da gano cutar, kashi 36 cikin ɗari ne ke raye a asibitocin Nijeriya da aka duba, a Owerri da Aba, alhali a tsakanin Turawan Namibiya kashi 90 ne. Babu tazarar shekaru da ke kawo irin wannan rata.

Hoton mamogiram, wanda ƙasashe masu hali ke yi wa mata daga shekara 40 ko 50, ba ya gani sosai a maman mai ƙuruciya domin naman a cure yake. A nan sikanin da hannun ma'aikaciyar lafiya da ta ƙware sun fi amfani. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa ma'auni uku: kashi 60 cikin ɗari su zo a mataki na 1 ko na 2, a gama awo cikin kwana 60, kashi 80 su kammala magani. Ga mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, waɗanda rashin tsaro ya daɗe yana wahalar da tafiyarsu, kwana 60 ba wasa ba ne. Asibitin Shika yana cikin asibitoci 6 da aka fara asusun tallafin masu ciwon daji na tarayya da su a 2021, a Yulin 2025 kuma aka buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Ga ma'aikacin ɗakin shan magani na Yankara, shekarun mai ƙullutu suna taimaka masa wajen sanin saurin da zai yi. A jikin budurwa ko 'yar shekara 20 da 'yan kai, ƙullutu mai santsi da ke zamewa ƙarƙashin yatsa yawanci ba sankara ba ne, ana iya sake duba shi bayan haila guda, in yana nan a tura ta. Daga shekara 30 zuwa sama ba a jira. Mai shayarwa ana ba ta mako biyu a kan magani, ba a sabunta shi karo na biyu ba tare da awo ba. Wadda haila ta yanke mata kuwa, duk sabon ƙullutu a mamanta, ko da ba ya ciwo, takardar turawa ake rubuta mata a ranar.